Ranar Ma'aikata Ba Ta Masu Anko Kaɗai Ba Ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan ranar 1 ga Mayu, Ranar Ma'aikata ta Duniya, da irin riƙon da muke yi mata a ƙasar nan idan aka kwatanta da yadda wasu ƙasashe suka riƙe ta.

Kowace shekara labarin da ake kawo mana bai canzawa. Ma'aikata sun yi anko, sun jeru rukuni-rukuni a Dandalin Eagle na Abuja ko filin Murtala a nan Kaduna, sun yi fareti ta gaban rumfar manya, gwamna ko wakilinsa ya karanta jawabi, shugaban ƙwadago ya karanta nasa, an watse. A wannan yinin kuwa, mai gadin da ya buɗe ƙofar filin yana bakin aiki. Matar da ta share wurin tun da asuba ba ta cikin kowace ƙungiya. Leburan da ya kafa rumfar kuɗin yini aka ba shi, in ya faɗo daga kan tsani babu wanda zai biya masa kuɗin ɗori. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Na ƙarar da ƙarfina a ɗakin saƙa a Kakuri, na kuma taɓa zama wakilin 'yan sashenmu a ƙungiya, saboda haka maganar gida nake yi.

Da yawa daga cikin matasan da ke fareti ba a taɓa gaya musu daga ina ranar ta samo asali ba. A Amurka ta shekarun 1880, ma'aikacin masana'anta yakan yi awa 10 ko 12 a tsaye, wani ma fiye, kwana shida a mako. Sai ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da 1 ga Mayun 1886 a matsayin ranar da aiki zai koma awa takwas, ko masu kamfani sun so ko sun ƙi. Abin da suke faɗa a lokacin shi ne, awa takwas na aiki, takwas na hutu, takwas kuma na abin da mutum ya ga dama. Dubban ɗaruruwan mutane suka ajiye aiki a faɗin ƙasar, birnin Shikago ne cibiyar abin. Ranar 3 ga wata 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu yajin aiki a bakin masana'antar McCormick, aka rasa rayuka. Washegari aka kira gangami a dandalin Haymarket domin nuna ɓacin rai. Taro ya kusa watsewa, mutane sun ragu saboda hadari, sai 'yan sanda suka zo korar sauran. Nan wani ya jefa bam, har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba. 'Yan sanda bakwai suka mutu, da aƙalla mutum huɗu daga cikin jama'a.

Aka kama mutum takwas aka kai kotu. Ba a iya nuna cewa ɗaya daga cikinsu ne ya jefa bam ɗin ba, wasunsu ma ba sa wurin lokacin da ya tashi. Abin da aka riƙe su da shi shi ne abin da suka faɗa da abin da suka rubuta. August Spies edita ne kamarka, yana fitar da jaridar ma'aikata da harshen Jamusanci, Albert Parsons shi ma edita ne. Ranar 11 ga Nuwamban 1887 aka rataye su biyun tare da Adolph Fischer da George Engel. A 1893 gwamnan jihar Illinois, John Peter Altgeld, ya saki ukun da suka rage a kurkuku, ya bayyana cewa ba a yi musu shari'ar adalci ba. Amma waɗanda aka rataye sun riga sun tafi.

Taron ƙungiyoyin ma'aikata da aka yi a Paris a 1889 shi ya tsayar da 1 ga Mayu ta zama ranar da za a fito a duk duniya a nemi awa takwas, aka fara a 1890. Shekara ɗaya bayan haka, a garin Fourmies na arewacin Faransa, garin masaƙu irin namu na Kakuri, sojoji suka harbi masu zanga-zanga, mutum tara suka mutu, galibinsu matasa, har da yara. Sai a 1919, da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, yarjejeniyarta ta farko ta tsayar da awa takwas a yini da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Tsakanin Haymarket da wannan takarda shekara 33 ne. Duk ma'aikacin gwamnatin da ke kulle ofis ƙarfe huɗu ya tafi gida, ya sani ba kyauta aka ba shi wannan ba. Wasu ne suka biya da wuyansu.

Mu ma muna da namu. A 1945 Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa ya jagoranci yajin aikin gama-gari wanda ya haura kwana 40, saboda tsadar rayuwar da yaƙin duniya na biyu ya haifar, har Turawa suka yarda da ƙarin alawus. Ranar 18 ga Nuwamban 1949, a mahaƙar kwal ta Iva Valley da ke Inugu, 'yan sandan mulkin mallaka suka kashe mahaƙa 21 suka raunata 51. Hutun 1 ga Mayu kansa daga Arewa ya fara, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta ba da shi a Kano a 1980, kafin gwamnatin Shagari ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. A wannan shekarar ce, cikin watan Mayu, ƙungiyar NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta kira yajin aikin da ya haifar da mafi ƙarancin albashi na Naira 125. Ina cikin waɗanda suka kashe injinsu suka fito. Wannan kuɗi a lokacin ya kai kimanin dala 200. Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 ba ta kai dala 50 ba a ranar da aka sa hannun, ba ta kuma sayen buhun shinkafa ɗaya a lokacin. A irin wannan hali ban ga dalilin da zai sa mutum ya wuce ta gaban rumfar mai mulki yana sara masa ba.

Dubi Turkiyya. Ranar 1 ga Mayun 1977 dubban ɗaruruwan ma'aikata suka cika dandalin Taksim na Istanbul bisa kiran ƙungiyar DISK. Aka yi ta harbi daga gine-ginen da ke kewaye, mutane suka ruɗe, aƙalla 34 suka mutu, da yawansu tattake su aka yi a wata ƙaramar gangara da ke fita daga dandalin. Ba a hukunta kowa a kan harbin ba. An hana taron ma'aikata a wurin shekara da shekaru, aka buɗe daga 2010 zuwa 2012, aka sake rufewa a 2013. Duk da haka kowace shekara sai sun nufi Taksim. Hukuma takan rufe tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta gitta shingaye, ta harba barkonon tsohuwa. A 2023 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa hanin ya tauye haƙƙin jama'a, amma a 2024 dandalin na rufe, aka kama fiye da mutum 200. Wani zai ce me ya sa ba za su koma wani fili ba, tunda hukuma na ba su? Domin a nan jinin 'yan uwansu ya zuba, kuma sun san ranar da suka yarda a zaɓa musu inda za su tsaya, gobe za a zaɓa musu abin da za su faɗa.

A Faransa kuma, a 2023, gwamnatin Macron ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, ta bi ta wani sashe na tsarin mulki ta wuce da dokar ba tare da ƙuri'ar majalisa ba. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago takwas, waɗanda ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba, suka fito tare ranar 1 ga Mayu. Ma'aikatar cikin gida ta ƙirga mutum 782,000, ƙungiyar CGT ta ce miliyan 2.3. Ba su hana dokar aiki a lokacin ba, wannan gaskiya ne. Abin da ya fi jan hankalina ya faru ne tun a watan Maris, lokacin da masu kwashe shara na Paris suka ajiye aiki har shara ta kai tan 10,000 a kan tituna. Mutumin da ba a ko kallonsa a hanya, cikin mako biyu ya zama shi ne kanun labarai a duk duniya, saboda yana da ƙungiya, kuma ƙungiyar ta ɗauke shi mutum.

Akwai labarin da nake so shugabannin ƙwadagonmu su riƙa tunawa kafin su hau mota zuwa fadar gwamnati, labarin Marikana, wani garin mahaƙa a Afirka ta Kudu. Ma'aikatan Afirka ta Kudu sun yi rawar gani wajen karya mulkin wariyar launin fata. A 1 ga Mayun 1986, watanni kaɗan bayan kafa COSATU, babbar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagon ƙasar, kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi suka ƙi fita aiki. Ƙungiyar mahaƙa ta NUM tana cikin ginshiƙan wannan gwagwarmaya, Cyril Ramaphosa, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, shi ne babban sakatarenta na farko. Amma zuwa 2012 masu fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, a mahaƙar kamfanin Lonmin da ke Marikana, sun daina ganin ƙungiyar a matsayin tasu. Suna ganin shugabanninta sun fi kusa da ofishin manaja da jam'iyya mai mulki fiye da bakin rami. Suka tsallake ta, suka kafa kwamitinsu, suka nemi albashin rand 12,500, suka tare a kan wani tsauni. Cikin kwanakin farko mutum 10 suka mutu, har da 'yan sanda biyu da masu gadi biyu, kuma wannan ma abin baƙin ciki ne da bai kamata a ɓoye ba. Ranar 16 ga Agusta 'yan sanda suka harbe mahaƙa 34. Gwamnatin baƙar fata ce, gwamnatin da ma'aikata suka taimaka ta hau. Ramaphosa a lokacin yana cikin daraktocin Lonmin. Kwamitin binciken da aka kafa bai kama shi da laifin kisan ba, ni ma ba na ɗora masa. Abin da nake nunawa shi ne nisan da ke iya shiga tsakanin shugaban ƙwadago da mutanen da suka ɗaga shi. Bayan Marikana mahaƙan yankin suka fice daga NUM suka koma wata ƙungiyar mahaƙa mai suna AMCU, a 2014 suka yi yajin aikin wata biyar. Ƙungiyar da ta manta da na ƙasa, na ƙasa ba ya jiran ta.

Wanda ya fi taɓa ni, a matsayina na masaƙi, shi ne na Bangladash. Ginin Rana Plaza a Savar, kusa da Dhaka, hawa takwas ne, da masana'antun ɗinki biyar a ciki, suna ɗinka tufafi wa manyan kantunan Turai da Amurka. Ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga bango ya tsattsage. Bankin da ke ƙasa da shaguna suka rufe suka sallami mutanensu. Masu ɗinki kuwa, galibinsu mata, aka ce su koma bakin keke washegari, aka yi wa wasu barazanar hana albashin wata. Mafi ƙarancin albashinsu a lokacin taka 3,000 ne, ƙasa da dala 40. Suka shiga. Da safiyar 24 ga wata ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka ji rauni. Ranar Ma'aikata ta wannan shekarar ta zo ana kan tono gawarwaki.

Na daɗe ina tunanin wannan safiya. Ma'aikacin banki ya tsira, mai ɗinki ta mutu, a gini ɗaya, da tsaga ɗaya da kowa ya gani da idonsa. Da akwai wakilin ƙungiya a kowane hawa, mai ikon cewa yau babu mai shiga, kuma ba za a kore shi a kan haka ba, da ba mu ji sunan Rana Plaza ba. Mu a ɗakin saƙa mun san wannan. In bel ya fara tsinkewa ko waya ta fara ƙauri, mutum ɗaya ba ya iya kashe inji, don za a ce ya ɓata aiki a yanke masa kuɗi. Amma in wakili ya ɗaga hannu layi duka ya tsaya, sai a kira injiniya.

Abin da ya biyo baya ya nuna amfanin ƙungiya da ta wuce iyakar ƙasa. Cikin makonni uku, ƙungiyoyin duniya irin su IndustriALL da UNI, tare da na Bangladash, suka matsa wa kamfanonin da ke sayen kayan har suka sa hannu a yarjejeniyar kare gine-gine da kiyaye gobara, wadda za a iya kai su ƙara in sun saɓa. Kamfanoni fiye da 200 suka shiga, aka binciki masana'antu fiye da 1,600, aka cire makullai daga ƙofofin fita, aka gyara wayoyin wuta. Albashi ya tashi zuwa taka 5,300 a ƙarshen 2013, ya kai 12,500 a 2023 bayan wata zanga-zangar da ita ma aka rasa rayuka. Har yanzu bai isa ba, amma ba inda aka baro ake ba.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 100 daga wani kamfanin casar shinkafa a Kano, waɗanda suka ce an hana su fita na tsawon watanni. Kuma mu da masaƙunmu suka mutu muna da alaƙa da waɗancan matan ta wata hanya. Masaƙar da na yi wa aiki ta rufe kamar yadda sauran na Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da yadin fasa-ƙwauri mai arha. An sallame mu babu garatuti a hannu, abokan aikina da dama sun rasu suna jiran haƙƙinsu, matansu na yawo da takardu a leda. A lokacin haushinmu kan ma'aikatan Asiya yake, muna cewa sun cinye mana aiki. Arhar nan kuwa daga jikin wani ma'aikaci aka yanko ta. Mai kamfani yana iya ɗauke injinsa ya kai duk ƙasar da ma'aikaci ya fi rauni, shi ya sa tun 1889 aka ce ranar ta duniya ce, ba ta ƙasa ɗaya ba.

Haka 'ya'yanmu da ke tafiya aikatau ƙasashen Larabawa. Tsarin kafala ya ɗaure zaman ma'aikaci a hannun wanda ya ɗauko shi. Katar, da idon duniya ya dawo kanta saboda gasar cin kofin duniya ta 2022, ta soke sharaɗin neman izinin maigida kafin sauya aiki a 2020, ta kuma tsayar da mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 daga 2021. Matsin ƙungiyoyin ƙwadago na duniya da 'yan jarida ne ya kawo haka, don baƙin ma'aikatan ba su da damar kafa ƙungiyar kansu a can. Gyaran da Saudiyya ta yi a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali nan ne matanmu suka fi yawa. Ban taɓa jin an ambace su a jawabin filin fareti ba.

To, me ya kamata mu koya? A ganina amsar tana Indiya, a birnin Ahmedabad, wanda shi ma garin masaƙu ne. A can wata lauya mai suna Ela Bhatt, da ke aiki a sashen mata na ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, ta lura da matan da ke dakon yadi a ka tsakanin dillalai, da masu tura kura, da masu tallar kayan miya da gwanjo, da masu ɗinki a gida. Babu mai takardar ɗaukar aiki a cikinsu. A 1972 suka kafa ƙungiya mai suna SEWA. Da farko hukuma ta ƙi yi musu rajista, wai ƙungiyar ƙwadago sai da mai kamfanin da za a yi jayayya da shi. Suka dage cewa ƙungiya ta haɗa kan masu aiki ce, ko da wa za su fuskanta, dillali ne ko ɗan sanda ko ƙaramar hukuma. Aka yi musu rajista. A 1974 mata 4,000 suka zuba rupi goma-goma suka kafa bankinsu, don su kuɓuta daga masu ba da bashi da ruwa. Yau mambobinta sun haura miliyan 2. Suna cikin waɗanda suka tura har ILO ta amince da yarjejeniyar masu aiki a gida a 1996, kuma irin wannan fafutuka ce ta haifar da ta 'yan aikin gida a 2011.

ILO ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 2, fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, ba sa ƙarƙashin tsarin aiki na hukuma. A Najeriya alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna sun haura kashi 90. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato malamar makarantar kuɗi ta unguwa, da yaron gidan mai, da mai gadin gidan alhaji, da mai jiran shago, da yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke, duk rigimar Naira 70,000 ba ta shafe su ba. Na san malamai masu takardar NCE da ake ba su abin da bai kai rabin wannan ba, a kuma hana su na watan hutu. In NLC da TUC suka kira yajin aiki, waɗannan mutane asarar yini suke yi, in an daidaita kuma ba su da kaso. Yaya za a yi su ɗauki ƙungiyar tasu ce?

An ga abin da ke faruwa idan ƙwadago ya yi magana da bakin kowa. A Janairun 2012, da aka ɗaga litar fetur daga Naira 65 zuwa 141, ɗan acaba da ɗan kasuwa da ɗalibi duk suka bi bayan ƙungiya, ƙasa ta tsaya cik har gwamnati ta sauko zuwa 97. A Tunisiya, ƙungiyar ƙwadago ta UGTT na cikin ƙungiyoyi huɗun da suka sasanta 'yan siyasa lokacin da ƙasar ke bakin rami, har aka ba su kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2015. A maƙwabciyarmu Nijar, yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta USTN na cikin abin da ya tilasta wa gwamnatin Ali Saibou buɗe ƙofar jam'iyyu da taron ƙasa na 1991. A duk waɗannan wurare jama'a sun yarda da ƙungiyar ne domin sun ga ba albashin mambobinta kaɗai take karewa ba.

Nakan ji wasu na cewa wannan rana ta 'yan gurguzu ce, ba ruwan Musulmi da ita. Gaskiya ne da yawa daga cikin waɗanda suka fara ta ba addininmu suke bi ba, wasu ma ba su bin kowane addini. Amma haƙƙin ɗan ƙwadago ba su suka ƙirƙiro shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Allah Ya ce Shi da kansa zai yi jayayya da mutum uku ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Ina roƙon limamanmu, Juma'ar da ta fi kusa da 1 ga Mayu su yi huɗuba a kan wannan, don a sahun gaba akwai masu riƙe da albashin mutane wata uku, akwai kuma masu 'yar aiki a gida da ba ta san ranar hutu ba.

Ba kuma ina cewa kowane yajin aiki daidai ne ba. Idan likitoci suka ajiye aiki, matar talaka ce ke naƙuda a bakin ƙofar asibiti, mai hali ya tafi na kuɗi ko ya hau jirgi. Wata takwas da jami'o'i suka yi a rufe a 2022, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne suka zauna a gida. Laifin farko na wanda ya sa hannu a yarjejeniya ya ƙi cikawa ne, wannan ba na shakka. Sai dai ƙungiyar da ta san ciwon jama'a takan nemi hanyar da zafin zai faɗa kan mai yanke hukunci, ta bar ɗakin haihuwa da na gaggawa a buɗe, ta kuma fito ta yi wa mutane bayani da harshen da suke ji kafin ta rufe ƙofa.

Abin da nake so in gani bai fi ƙarfinmu ba. Kowane reshen NLC na jiha ya ware tebur ɗaya da lauya ɗaya domin wanda ba shi da katin ƙungiya, ya zo da kukansa a saurare shi kyauta. Kuɗin anko na shekara ɗaya zai iya ɗaukar nauyin wannan. A matsa wa majalisa ta sake duba sharaɗin mutum 25 ɗin nan. A tambayi ma'aikatar ƙwadago jami'an duba masana'antu nawa take da su a Kano da Kaduna, da yaushe rabonsu da shiga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ba tare da sanarwa ba. A ranar taron kuma, kafin kowane mai mulki ya karɓi lasifika, a fara karanta sunayen waɗanda suka mutu a bakin aiki a wannan shekarar, da 'yan fanshon da suka rasu ba a biya su ba, da jerin ƙananan hukumomin da ke bin malamai bashin albashi. Bayan nan a ba shi ya amsa.

Kai kuma Edita, naka ya fi sauƙi. Mayu mai zuwa, in ka tura wakili ɗaya filin fareti, ka tura wani inda leburori ke zama da shebur da diga tun ƙarfe shida suna jiran mai ɗauka, wani gidan burodi, wani wurin masu fasa dutse, wani kuma ya nemi matan da suka dawo daga aikatau a ƙasar waje. A tambaye su awa nawa suke yi, nawa ake ba su, wa suke kai wa ƙara in an cuce su. Ka buga amsoshinsu a shafin farko, ka ɓoye sunan duk wanda ke tsoron kora.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin masaƙa,
Kakuri, Kaduna.